Duron ko kyamara da tiraifod, wanne za ka fara saya in hoton shimfiɗar ƙasa kake so

Wannan tambayar an sha yi min ita, ta baya-bayan nan wani ƙanena ne da ya daɗe yana tara kuɗi daga ɗaukar hoton biki da suna da kyamarar aro, ya same ni bayan isha'i ya ce Yaya kuɗin nan fa abu ɗaya kawai za su saya, ko dai duron, wato ƙaramin jirgin nan maras matuƙi mai kyamara, ko kuma kyamara mai kyau da lensi da tiraifod, wato abin nan mai ƙafa uku da ake ɗora kyamara a kai, kuma shi abin da ke ransa hoton duwatsu ne da fadamu da dam, hoton amarya don neman na tuwo kawai yake yi. Na ce masa zauna tukuna maganar ba ta tsaye ba ce. Mun kai wajen sha ɗayan dare muna yi, kuma abin da na faɗa masa shi zan zuba a nan don na san ba shi kaɗai ba ne a wannan tsaka mai wuyar.

Tun farko bari in faɗi inda na karkata don kar in ja ku da nisa: in kuɗinka na abu ɗaya ne, ni kyamara da tiraifod zan ce ka fara da su. Amma akwai mutanen da wannan shawarar ba tasu ba ce sam, za mu zo kansu, kuma duron ɗin ina da shi ina son sa, akwai hotunan da har abada ba zan same su ba sai da shi.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba kafin su sayi kaya shi ne aikin ido a ƙasa daban, aikin ido a sama daban. In kana tsaye a ƙasa hotonka yana da gaba yana da tsakiya yana da baya, sannan ga sararin sama a bisa. Ka je bakin dam ɗin Tiga da asuba, akwai kwale-kwalen da aka ɗaure a gaɓa igiyarsa ta jiƙe, wannan shi ne gabanka, can tsakiya masunci ya miƙe tsaye yana shirin wurga birgi, can baya kuma tuddai sun yi shuɗi-shuɗi saboda nisa, to aikinka shi ne ka matsa taku biyu hagu ko ka durƙusa har gwiwarka ta taɓa laka don waɗannan abubuwa uku su jeru yadda idon mai kallo zai shiga ta bakin kwale-kwalen ya bi ruwan ya fita ta tuddan. Sai kuma jira. Jiran nan shi ne rabin sana'ar, ka kafa tiraifod ka gama saitin komai sannan ka tsaya sauro na cizonka har sai rana ta leƙo ta taɓa bakin birgin.

Shi kuwa duron, musamman in ka juya kyamararsa ta kalli ƙasa tsaye cak, babu gaba babu baya babu sararin sama, komai ya zama kamar zanen jikin tabarma. Ranar da na fara tashinsa a kan gonakin shinkafa na rani wajen Kura sai da na yi shiru na ɗan lokaci, wurin da na sha wucewa a mota ban taɓa ganin komai ba sai kore, ashe daga sama kowane fangali da kalarsa, wani an dasa, wani ruwa ne kwance yana ɗaukar hasken sama kamar madubi, wani an girbe ya koma ruwan ƙasa, ga magudanan ruwa sun ratsa su kamar jijiyar ganye. A nan abin da kake nema layi ne da maimaici da kala da kuma inuwa, inuwa ma ita ce uwa uba, domin daga sama mutum ɗigo ne kawai, hularsa kaɗai za ka gani, inuwarsa ce ke gaya maka cewa mutum ne ɗauke da fartanya.

Kowane ɓangare yana da manyansa kuma yana da kyau ka kalli aikinsu kafin ka kashe ko sisi. A ɓangaren ƙasa akwai Ansel Adams na Amurka, wanda ya yi suna da hotunan baƙi da fari na duwatsun Yosemite. Kyamarar da yake ɗauka akwati ce guda, fim ɗinta inci 8 da 10, faifai ɗaya hoto ɗaya, kuma shi da Fred Archer suka tsara hanyar auna haske da ta raba shi hawa-hawa daga baƙi ƙirin zuwa fari fat, manufar ita ce kafin ka danna ka riga ka ga hoton a zuciyarka yadda zai fito a takarda. Shahararren hotonsa na fitowar wata a kan wani ƙauye mai suna Hernandez a jihar New Mexico ya ɗauke shi a 1941, yana cikin mota ya hango, ya tsaya a gurguje ya kafa, faifai ɗaya ya samu kafin hasken da ke kan gicciyen maƙabartar ƙauyen ya ɗauke. Wani abu kuma da nake so ƙanena ya riƙe, wannan mutumin har dandamali ya sa aka yi masa a saman motarsa yana hawa da tiraifod, wato shi ma ya san amfanin tsawo, mita biyu ko uku kawai sun isa su buɗe maka tsakiyar hoto.

A ɓangaren sama kuma wanda ya fi kama ni George Steinmetz ne, shi ma Ba'amurke, kuma labarinsa ya shafe mu kai tsaye domin aikin ɗaukar hoton Sahara a Nijar ne ya sa ya koyi tashi da lema mai inji a ƙarshen shekarun 1990, lokacin babu maganar duron a hannun masu hoto. Inji da farfela a goye a baya, lema a sama, ya ruga da gudu ya tashi, yana tafiya ƙasa-ƙasa a hankali kyamara a hannu. Hoton da ya ɗauka na ramukan gishiri a Tagidda-n-Tesemt ta yankin Agadas in ka gan shi za ka ɗauka kwanukan fenti aka jera, kowane rami da launinsa, ja da ruwan goro da fari. Akwai kuma hotonsa na raƙuma a hamadar Oman da ya zaga duniya, wanda sai ka ƙura ido za ka gane cewa baƙaƙen raƙuman da kake gani inuwa ce, ainihin dabbobin su ne 'yan siraran layukan da ke ƙasansu. Ga Yann Arthus-Bertrand na Faransa da ya fara kallon ƙasa daga balan-balan a Masai Mara ta Kenya, ga Edward Burtynsky na Kanada da ya zo Najeriya a 2016 ya ɗauki wuraren dafa ɗanyen mai a Neja Delta da masu yankan katako a gaɓar ruwan Legas daga sama. Abin lura dukkansu sun iya kyamara a ƙasa tun kafin su hau sama, da idon da suka riga suka horar suka tashi.

Yanzu mu sauko kan kayan da kansu. Babban bambanci yana cikin sensa, wato faifan da ke karɓar haske. Kyamarar da ake kira ful-firem sensarta milimita 36 da 24 ce. Ƙananan duron irin Mini 4 Pro na kamfanin DJI sensarsu ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na wannan faɗin ba, ko babban yayansu Mavic 3 mai kyamarar Hasselblad sensarsa kusan rubu'in ful-firem ce. Kar adadin megafiksel, wato yawan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto, ya ruɗe ka, za ka ga an rubuta 48 a kwalin ƙaramin duron alhali tsohuwar Nikon D750 tana da 24 kawai, amma ka ɗauki hoto da su biyun bayan rana ta faɗi da minti goma ka buɗe a kwamfuta ka ɗaga duhun, a na duron za ka ga ƙuraje kamar an watsa gero, ganyen bishiya ya dame ya zama kamar fentin ruwa, na kyamarar kuwa har ɓawon itacen za ka gani. In a waya kawai za a kalla, a Instagram ko sitatus, wallahi mutum dubu ba za ka sami goma da za su gane bambancin ba. Amma in burinka ka wanke hoto babba a rataye a falo ko otal ko ofis, nan ne za ka san inda kuɗinka suka tafi.

Sai maganar lensi, kuma ita na fi ba muhimmanci fiye da sensar ma. Yawancin ƙananan duron lensi ɗaya gare su mai faɗin gani, daidai da milimita 24 (a awon lensi ƙaramar lamba faɗin gani ce, babba kuma jawo nesa), ba ka da ikon canzawa, shi ya sa in ka duba hotunan duron na mutane daban-daban sai ka ga duk kamarsu ɗaya, an hau sama an ɗauki gari da titi da hazo. Da kyamara kuwa lensi mai jawo nesa irin 70-200 ko mai araha 70-300 shi ne ke yin abin mamaki a hoton shimfiɗar ƙasa, yana matse nisa, tudun da ke kilomita biyu da wanda ke kilomita takwas sai su taho su jingina da juna. Dutsen Zuma misali, kowa yana ɗaukarsa da waya daga bakin titin Abuja zuwa Kaduna ya fito ƙarami a tsakiyar hoto, amma ka ja baya sosai ka sa dogon lensi ka sa rufin gidajen da ke gindinsa a ƙasan hoton, sai dutsen ya taso ya cika wurin har ka ji nauyinsa. DJI sun gane wannan shi ya sa duronsu Air 3 ya zo da kyamara biyu, ta biyun daidai da milimita 70, kuma a ganina wannan kyamara ta biyun ta fi duk wani ƙarin da suka yi amfani ga mai hoton tsaye.

Akwai kuma irin hoton da tiraifod ne kaɗai ke bayarwa, wato barin shata, ƙofar da ke buɗewa haske ya shiga kyamara, a buɗe na tsawon lokaci. Ruwan Gurara ko na Matsirga kusa da Kafanchan in ka ba shi rabin daƙiƙa zuwa biyu sai ya koma kamar auduga yana zuba duwatsun kuma su tsaya tsaf. Taurari a daren da babu wata, a ƙauyen da babu wutar lantarki, daƙiƙa goma sha biyar zuwa ashirin. Duron yana iya gwada daƙiƙa ɗaya ko biyu in babu iska amma cikin goma sai ka zubar da takwas.

To yanayinmu fa, domin mafi yawan bidiyon da ake kallo a YouTube kan wannan batu mutanen ƙasashen sanyi ne ke yi, matsalarsu daban tamu daban. Lokacin hunturu hazo ke mulki, ranar da ya sauka sosai har jirage ke kasa sauka a Kano, kuma a irin wannan ranar in ka ɗaga duron ka kalli nesa ba abin da za ka samu sai farin bango. Sai dai ga wani sirri, in ka kalli ƙasa tsaye iskar da ke tsakaninka da abin da kake ɗauka ba ta wuce mita ɗari ba, saboda haka hazon kusan bai taɓa hoton, ga shi kuma ya tace hasken rana ya yi laushi, kala ta fito lumui. Ita ma kyamara tana da rabonta a hazo matsakaici, da dogon lensi duwatsun Jos ko na garin Dutse sai su jeru hawa-hawa kowane na baya ya fi na gabansa haske, rana kuma ta zama jan faifai da za ka iya kallo da ido. Ƙura dai ba ta bar kowa ba, in ka canza lensi a fili a watan Janairu to ka shirya ganin ɗigo-ɗigo a sararin saman duk hotunanka, shi kuma duron in ka tashe shi daga kan rairayi farfelarsa za ta hura ƙasa cikin injinansa da gimbal, wato abin da ke riƙe kyamararsa kar ta yi rawa, ni kullum akwai faffaɗan kwali a but ɗin mota, a kansa yake tashi a kansa yake sauka.

Bazara ita ce abokiyar gabar duron. Kamfanin DJI da kansa ya rubuta cewa iyakar zafin da na'urar za ta yi aiki a ciki digiri 40 ne, mu kuwa a Afrilu Sakkwato da Maiduguri da Yamai suna wuce haka da rana tsaka ba wani labari ba ne. Wayar da ka maƙala a rimot ita ke fara zafi ta rage hasken fuskarta har ka kasa ganin abin da kake ɗauka, batir kuma in ka saba barinsa a mota cikin rana zai kumbura, batirin da ya kumbura kuwa ya tashi daga aiki, kar ka kuskura ka sake tashi da shi. Damina kuma ita ce lokacin da ƙasar nan ta fi kyau, kore ko'ina, sama wankakkiya, hadari yana taruwa a gabas baƙi ƙirin rana tana haska gero daga yamma, wannan hasken na minti biyar kafin ruwa ya sauko babu kamarsa. Amma iskar da ke zuwa gaban hadarin tana iya wuce ƙarfin ƙaramin duron, Mini an ce yana jure iskar da ba ta wuce kimanin mita 10 a daƙiƙa ba, ka gan shi yana ta fama ya dawo yana tsaye wuri ɗaya batir na zuba. Mai kyamara kuwa sai ya rataya jakarsa a tiraifod don ta yi nauyi, ya rufa leda, ya ci gaba da aiki har ɗigon farko.

Lokaci ma abin dubawa ne. A kwali an rubuta Mini 4 Pro yana minti 34 a sama, ni a aikace in na sami ashirin da biyar na gode Allah, domin dole ka bar na dawowa. Mu kuma da muke kusa da tsakiyar duniya rana ba ta jan ƙafa wajen faɗuwa, hasken nan mai ruwan zinariya minti ashirin ne zuwa talatin ya wuce, to ka ga in ka tashi da wuri batir ya ƙare kafin hasken ya zo, in ka makara kuma kana canza batir hasken ya tafi. Shi ya sa duron da batir ɗaya wahala ce kawai, sai ka sayi mai uku, sannan ka yi tunanin inda za ka yi cajinsu in ka kwana a ƙauye. Batirin kyamara irin DSLR, wato dangin su D750, kuwa guda ɗaya yana kai ni kwana biyu.

Yanzu ga abin da masu talla ba sa faɗa. Kyamara da tiraifod za ka iya kafawa kusan ko'ina ban da wuraren tsaro, iyaka wani ya zo ya tambaye ka me kake yi ku gaisa ka nuna masa. Duron jirgi ne a idon doka. Tun 2016 hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama ta hana tashinsa ba tare da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ba, kuma ƙa'idar da aka saba da ita a ƙasashe da yawa ita ce kar ka wuce mita 120 sama, kar ya ɓace wa idonka, kar ka kusanci filin jirgi. Ka tuna filin jirgin Malam Aminu Kano a cikin gari yake, wato babban yanki na birnin yana kusa da shi. Barikin soja, gidan gwamnati, gidan yari, tashar wuta, waɗannan ko a mafarki. Yankunan da ake fama da matsalar tsaro kuwa, arewa maso gabas da dazukan Zamfara da Katsina da Birnin Gwari, ni shawarata ka bar shi a gida gaba ɗaya, mutanen da suka sha wahala in suka ji ƙugi a sama ba hoto ne zai fara zuwa ransu ba kuma suna da gaskiya. Tsallaka iyaka da shi zuwa Nijar ko Chadi ko Kamaru ma sai ka nemi takardar can tun kafin ka tashi. Shi kansa Steinmetz da duk sunansa an taɓa kama shi a jihar Kansas a 2013 bayan ya tashi a kan wata gonar kiwon shanu.

Amma abin da ya fi doka nauyi a wurina shi ne tsakar gida. Ginin Bahaushe an yi shi ne don ya kare idon mai wucewa, ga zaure ga katanga ga shigifa, amma sama a buɗe take domin ba wanda ya taɓa tsammanin ido zai zo ta can. Wata rana a wani ƙauye na je ɗaukar wata tsohuwar kuka da rumbuna da ke bayan gari, na yi sallama da matasan da ke wurin suka ce ba komai, na tashi, wajen dawowa na bi ta kan gidaje don in gajarta hanya. Ina sauke shi sai ga wani dattijo ya taho da carbi a hannu, bai ɗaga murya ba, ya ce yaro wannan abin naka yana gani? Na ce yana gani Baba. Ya ce to iyalina suna tsakar gida ba lulluɓi. Wallahi ban sami abin cewa ba sai haƙuri, na buɗe mimori a gabansa muka duba tare, na goge duk wanda rufin gida ya fito a ciki, ya ce Allah ya yi albarka ya juya. Tun daga ranar ba na tashi a gari ko ƙauye sai na je wurin mai unguwa ko dagaci, kuma ko an ba ni izini ba na bi ta kan gidaje. Duk wanda ke mafarkin ɗaukar cikin birnin Kano ko Zariya ko Katsina daga sama ya sa wannan a lissafinsa, rabin hotunan da kake hangowa ba ka da haƙƙin ɗaukarsu.

Ga kuma shirwa, tana bin duron musamman kusa da mayanka da kasuwa, in ka ga ta fara zagaye ka hau sama da sauri sannan ka janye, kar ka nutsa ƙasa domin nan ta fi ka gwaninta. Ga wayar wuta da ba ka ganinta a fuskar waya, ga reshen da ba ganye. Kyamara irin D750 ko Canon 5D Mark III an gina shatarsu ta kai danni 150,000, ta hannu mai lafiya za ta yi maka shekaru, lensi mai kyau kuma ko bayan shekara goma za ka sayar da shi da daraja. Duron daƙiƙa ɗaya ta isa ya zama tarihi a tsakiyar dam.

To su waye ya kamata su fara da duron? Wanda ya riga yana da kyamara ko da ƙarama ce ko waya mai kyau kuma ya iya haske. Wanda bidiyo ne abincinsa, domin gaskiya kasuwar duron a wurinmu ta bidiyo ce, masu sayar da filaye da rukunin gidaje, masu manyan gonaki, 'yan kwangila da ke son nuna inda aiki ya kai, masu biki da ke son a ga jerin motoci, waɗannan suna biya kuma wanda ya iya zai mayar da kuɗinsa. Sai wanda yake zaune a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da babu tudu ko ɗaya, kamar fadamun Haɗeja zuwa Nguru, inda a tsaye ba ka ganin komai sai ciyawar kacalla a gabanka amma daga mita hamsin sama ruwa da tsibirai da garken shanu su bayyana, nan kam kyamara ba ta da abin cewa. In kana cikin waɗannan kuma hoton tsaye ne a ranka, ni zan ce Air mai kyamara biyu in aljihu ya kai, in bai kai ba Mini mai nauyin giram 249 da batir uku, ka riƙa ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da za ka gyara da kanka a kwamfuta, ka fita da sassafe ko bayan la'asar sakaliya lokacin da inuwa ta yi tsawo, kuma ka daina hawa can ƙololuwa, mafi yawan hotunan da nake alfahari da su tsakanin mita ashirin da sittin na ɗauke su.

Wanda kuma yake kamar ƙanena, bai mallaki kyamarar kansa ba, to ya nemi ta hannu mai lafiya, D750 ko Canon 6D ko Sony a7 III in kuɗin sun kai, ya duba adadin dannin shata kafin ya biya, ya haska fitilar waya cikin lensi ya tabbatar babu furfurar danshi, lensi biyu sun isa, ɗaya matsakaici ɗaya mai jawo nesa. Tiraifod kuma kar ya sayi na roba mai rawa don araha, gara tsohon ƙarfe mai nauyi. Wannan kayan ranar Asabar zai yi masa biki ya kawo kuɗi, ranar Lahadi ya tafi da shi daji. Tsawo kuma ƙasar nan Allah ya hore mana shi kyauta, ga Dala ga Goron Dutse, ga Kufena a Zariya, ga duwatsun Shere, ga benen abokinka, ga saman mota kamar yadda Adams ya yi. Marinar Ƙofar Mata ma da kowa ke son ganin ramukanta daga sama, ka nemi izinin masu wurin ka ɗaura kyamara a doguwar sanda ka ɗaga mita uku kana dannawa da waya, za ka sami zagayen ramukan, sannan ka sauke ka matsa kusa ka ɗauki hannun marini da shuni ya rine har wuyan hannu, wanda duron ba zai taɓa kawo maka ba. Ranar da ka buƙaci na sama da gaske sai ka yi hayar mai duron na yini ɗaya ka tsaya kusa da shi kana gaya masa inda zai tsaya.

Ƙanen nawa dai ya sami D750 ta hannu da lensi 24-120, dogon lensin sai nan gaba, tiraifod na ba shi tsohon nawa wanda ƙafarsa ɗaya sai an ɗaure da roba. Mun yi da shi ranar Asabar mai zuwa za mu bar Kano ƙarfe huɗu da rabi mu yi sallar asuba a hanya mu isa Tiga kafin gari ya waye, shi zai tsaya a gaɓa da kwale-kwalen, ni zan ɗaga duron in bi layin da ruwa ya ja da baya ya bari, in mun dawo mu jera hotunan a kwamfuta ɗaya mu gani.